Dutsen Tsakiya

An aike ni in auna ta don a rushe.
Takarda a aljihu, igiyar awo a hannu,
na sauka mota a Kujama,
ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni bayan duwatsun Kajuru,
inda hanya ta gaji ta bar wa rafi.

Shekara talatin ina zuba kankare a jihar nan.
Kwalbati goma sha ɗaya na gina,
huɗu ruwan Agusta ya yi gaba da su,
ɗaya ko damina ta biyu ba ta gani ba.
Sai ga ni gaban wannan tsohuwa,
ba siminti, ba rodi, ba allon ɗan kwangila,
ta yi doro kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa,
shanu na wucewa ta bayanta.

Na tuɓe takalmi na shiga ƙarƙashi.
Sanyi. Warin jemage.
Baka uku ne, biyu ƙanana,
na tsakiya ya isa mutum ya wuce da dami a ka.
Bakan gizo irin na soron kakana a Zariya,
sai dai can azara ce da laka,
nan dutse ne ya jingina da dutse,
kowanne na son faɗuwa,
ɗan'uwansa ya hana shi.
Sha uku na ƙirga ta hagu, sha biyu ta dama:
ko magini ya yi kuskure, ko wani dutse ya ƙi sassaƙuwa.
Can a ƙoli akwai guda, mai siffar kan gatari,
baƙi wuluk, ba irin na yankin ba.
Shi aka sa a ƙarshe.
Ka zare shi, ka zare duka.

Ƙafafunta na da tsini ta inda ruwa ke zuwa,
kamar hancin kwalekwale,
ambaliya ta taho da fushi, a tsaga ta biyu.
Wanda ya yi wannan ya zauna bakin rafi
damina da yawa
kafin ya ɗaga dutse ɗaya.

Na tambayi mai ita.
Baba Dogara ya ce kakanninsa ne, mutanen tudu,
da suka saba jera dutse a gona kada ƙasa ta gudu.
Jatau mai shayi ya ce ina! Fatake ne masu kanwa,
bayan rafi ya cinye musu jaki bakwai a dare guda.
Kande na wanke dawa a gindin gadar, ba ta ko ɗago ba:
"Mata dai suka ɗauko duwatsun a ka.
Ba a musu a kan wannan,
tunda ba a taɓa tambaya ba."
Shekarunta fa? Wani ya ce ɗari biyar,
wani ya ce ta riga ganuwa,
wani yaro ya ce ta girmi rediyo.

A dutse na tara akwai zane, layi uku da ɗigo.
Sunan wani ne, ko ladan kwanakin da ba a biya shi ba.
A sama kofato ya ci dutse har ya yi akushi,
ruwa na kwana ciki, kurciya na sha.

Da la'asar na buɗe fom a kan gwiwa.
Kayan gini: dutse.
Shekarar kammalawa: na bar gurbin.
Halin da take ciki: biro ya tsaya.

Sai ga a-kori-kura maƙare da masara.
Ta hau. Na manna tafina a jikin bakan
ina jiran rawar nan da na sani a kwalbatocina.
Ban ji komai ba sai sanyi,
da ƙadangare da ya kaɗa mini kai sau biyu.

Na rubuta: a gyara hanyar da ke zuwa gare ta.
Oga zai yi faɗa ranar Litinin.
Na nemi takalmina,
ɗaya rafi ya tafi da shi.